Daga Katsina zuwa Haridwar: yadda za ka je ka ga kogin Ganga

Jinyar Baba ce ta kai ni Delhi. Da likita ya ce a ba shi mako guda ya huta, sai na bar shi da ƙanena, na nufi garin Haridwar da ke bakin kogin Ganga a jihar Uttarakhand ta Indiya, inda mabiya addinin Hindu ke zuwa ziyara.

Ka sayi tikitin jirgin ƙasa tun kwana biyu kafin tafiya. Jirgin Shatabdi mai zuwa garin Dehradun yana tashi daga New Delhi da sassafe, kafin azahar kana Haridwar. Kada ka je a Yuli ko Agusta: damina ce, duwatsu na zaftarewa kan hanya, ga masu ɗibar ruwan Ganga sun cika gari maƙil, ko hawan sallah a Ƙofar Soro bai kama ƙafarsu ba.

Kilishinka kuwa, ka bar shi a Delhi. Ba a sayar da nama a tsakiyar Haridwar da maƙwabcinsa garin Rishikesh. Shinkafa da miyar wake da gurasar capati za ka yi ta ci, ni dai kwana uku na yi ina mafarkin balangu. Masallaci kuma sai ka nemi unguwar Jwalapur.

Gab da magariba ake taruwa a bakin kogi, a Har ki Pauri, ana kaɗa ƙararrawa, ana juya manyan fitilu, ana sakin furanni a ruwa. Ibadarsu ce, ba wasa ba. Ka tsaya daga nesa, bisa gada, domin akwai wuraren da ba sa son wanda ba Hindu ba ya shiga. Ka yi tambaya kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Washegari ka hau mota zuwa Rishikesh, kamar kilomita 25. Nan tsaunukan Himalaya suke farawa, ruwan kore shar, sanyi kamar randar ƙasa. Ka riƙe ledarka da kyau, birai sun fi ɓarayin tasha hannu.

Direbobi za su yi ta tallata maka Kedarnath da Badrinath, wuraren ibadar Hindu da ke can cikin tsaunuka. Kedarnath na bisa tsayin mita 3,583, sai an taka kusan kilomita 16 daga Gaurikund, kuma rufe shi ake yi duk lokacin sanyi. Ambaliyar 2013 ta ci dubban mutane a can. Ni da rigar sanyin Janairun Katsina ce kaɗai a jakata, a Rishikesh na juyo.