Yadda Za Ka Ciyar da Kyanwarka Ta Zauna Lafiya

1. Fara da zaɓen abinci. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta na buƙatar wani sinadari mai suna taurin, wanda a nama take samunsa. In ta daɗe ba ta samu ba, idonta da zuciyarta ne ke taɓuwa. Don haka sayi abincin da aka haɗa don kyanwa, na kare ba ya wadatar da ita.

2. Auna, kada ka cika kwano kawai. Babba sau 2 a rana ya ishe ta, 'yar ƙarama sau 3 zuwa 4 har ta kai wata 6.

3. Ajiye ruwa mai tsabta nesa kaɗan da abincin, ka riƙa sauyawa kullum.

4. Hana ta albasa, tafarnuwa, cakulan da dafaffen ƙashi. Madarar shanu ma, duk yadda take lasar baki, manya da yawa zawo take sa su.

5. In za ka sauya mata abinci, gauraya sabon da tsohon kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda.

6. Lokaci-lokaci shafa gefenta. In sai ka danna sosai kafin ka ji haƙarƙari, ƙiba ta shigo, rage awon. In kuwa ta kwana ta wuni ba ta ci komai ba, kai ta wurin likitan dabbobi.