Wa Aka Tambaya, Wa Aka Bari a Waje? Kurakuran Masu Binciken Lafiya da Gyaransu

A watan Janairun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da umarnin a rage wa mata maganin barci na zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5. An tabbatar cewa yakan daɗe a jinin mace fiye da na namiji, har gari ya waye ta hau mota tana tuƙi maganin bai sake ta ba. A lokacin ya shekara ashirin a kasuwa, kuma bambancin yana nan cikin alƙaluma tun farko, ba a dai ɗauke shi da muhimmanci ba.

Duk mai shirin binciken lafiya, ɗalibin jami'a ne, likita mai neman ƙwarewa, ko ma'aikacin ƙungiya mai yawo da takardar tambayoyi, ya kamata ya riƙe wannan labari. Wanda ba a ƙirga shi a bincike ba, da wuya maganin da ya fito daga binciken ya dace da shi.

Kuskure mafi daɗewa shi ne ɗaukar jikin namiji a matsayin ma'aunin kowa. Yana da tarihi. Bayan maganin thalidomide ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, tsoro ya kama hukumomi. A 1977 Amurka ta ce a cire duk macen da za ta iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, ba a janye wannan ba sai 1993. A tsakanin nan aka yi shahararren gwajin asfirin a kan likitoci 22,071, dukkansu maza, aka ce yana rage haɗarin kamuwa da ciwon bugun zuciya. Da aka maimaita shi a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna wani abu dabam: a jikin mata ya fi rage shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya kuwa bai ragu sosai ba sai ga masu shekara 65 zuwa sama. Gyaran a nan tun daga takardar tsarin bincike yake farawa. A rubuta maza nawa da mata nawa ake nema, kuma kowane ɓangare ya kai yawan da za a iya yanke hukunci a kansa. In jinsi ɗaya aka zaɓa, a faɗi dalili. Ko ɓerayen ɗakin gwaji ba su tsira ba: a 2016 cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fara buƙatar mai neman kuɗinsu ya yi bayanin jinsin dabbobin da zai yi aiki da su.

Wani kuma yakan tara mata da maza daidai wa daida, sai ya zo wajen rubuta sakamako ya zuba su cikin adadi ɗaya. Wahalar banza ke nan. Binciken cutar ƙanjamau na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ce kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar. Da aka raba, mata 1.9 ne, maza 0.9. Adadin farko bai gaya wa kowa inda za a kai aiki ba, na biyun ne ya faɗa. Kowane jadawali a raba shi, har da na illolin magani da na waɗanda suka janye kafin a gama.

Masu juna biyu da masu goyo

Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Kusan kowace takardar bincike za ka ga an rubuta cewa ban da mai ciki da mai shayarwa, sau da yawa ba tare da an yi tunanin dalili ba, an kwafo ne daga takardar wani. To a yankin Arewa maso Yammacin Najeriya, inda ƙididdigar 2018 ta nuna mace na haihuwar 'ya'ya fiye da shida a rayuwarta, kuma ana shayarwa har kusan shekara biyu, mace takan yi shekaru masu yawa daga ciki sai goyo. Wannan layi ɗaya ya kore ta daga bincike tsawon ƙuruciyarta.

Cirewar ba ta kare ta daga cuta. Zazzaɓin Lassa ya fi muni a watanni ukun ƙarshe na ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fiye da kashi 80 cikin ɗari akan rasa uwa, ko ɗan tayi, ko duka biyun. Da Ebola ta ɓarke a gabashin Kwango a 2018, an hana masu ciki da masu shayarwa rigakafi saboda babu bayani a kansu, sai a 2019 aka fara yi musu. Haka aka sake yi a gwaje-gwajen farko na rigakafin korona. Ƙarshenta likita zai ba mai ciki magani da ƙiyasi, ita kaɗai, ba mai bibiyarta. Ya fi aminci a shigar da ita cikin tsari, bayan gwajin dabbobi da matakan farko sun nuna ba haɗari bayyananne, a bi lafiyarta da ta jaririn har bayan haihuwa. Wadda ta samu ciki ana tsakiyar bincike ma kada a sallame ta a manta da ita.

A kuma tambayi abin da ya dami mata. Ba a sa tambayar jinin al'ada a gwajin rigakafin korona ba. Da mata suka fara cewa al'adarsu ta canza, ba amsar da za a ba su, jita-jitar hana haihuwa ta samu wurin zama. Daga baya aka gano canjin bai kai kwana ɗaya ba a matsakaici, kuma yakan koma daidai. Tambaya ɗaya a takarda da ta rage wannan ruɗani.

Ƙofar da aka rubuta "Ba Shiga"

Ma'aikaci namiji ya yi sallama, maigida ya fito zaure, ya amsa tambayoyin kansa, ya amsa na matansa. An cike takarda, amma muryar mace ba ta ciki. Gyaran sananne ne sai dai yana cin kuɗi: a ɗauki mata masu jin Hausar yankin, su shiga cikin gida, su keɓe da matar inda kishiya ko uwar miji ba sa ji, a lokacin da ta sauke tukunya. Neman izinin maigida ladabi ne, kuma shi ke buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin yardar matar. In ta ce a'a, magana ta ƙare. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi a kan yara 200, 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da suka fito a 2007 sun wajabta bayani da harshen da mutum yake ji.

Dogaro da rajistar asibiti kaɗai ma tarko ne, domin tana nuna wanda ya samu kuɗin mota da izinin fita ne. Tsargiya misali ce. An saba ganinta ciwon yara maza masu wanka a rafi, alhali tana kama mahaifa da al'aurar mata, a yi ta ba su maganin ciwon sanyi, wani lokaci har da zargi. Maza ma akan manta da su. Binciken tarin fuka na ƙasa na 2012 ya nuna ya ninka a maza kusan sau biyu, ga shi ba sa zuwa asibiti da wuri don kada kasuwa ko gona ta tsaya. Binciken rashin haihuwa kuwa da bai gwada miji ba, rabin aiki ne.

Akwati biyu a takarda

Akwai waɗanda "namiji ko mace" bai gama bayaninsu ba. Ana haihuwar mata-maza a asibitocinmu da gidajenmu, malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin gadonsu, amma takardar bincike ba ta da gurbinsu, sai ma'aikaci ya kalli sutura ya cike abin da ya ga dama. Akwai kuma 'yan daudu, waɗanda zamansu da sana'arsu da irin kallon da ake musu a asibiti suke shafar lafiyarsu. Mai bincike ba alƙali ba ne. Hawan jini da tarin fuka da ƙanjamau suna kama su kamar kowa, da yawansu magidanta ne masu iyali, kuma cutar da ba a ƙirga ba ba ta daina yaɗuwa.

A raba tambayar biyu: yadda aka haifi mutum, da yadda yake zaune cikin jama'a. Ta farko ita ke da alaƙa da aikin magani a jiki, ta biyu da wanda ke iya zuwa asibiti da irin tarbar da zai samu. A bar gurbin "wani bayani" da na "ban son amsawa", kuma mutum ya faɗa da bakinsa.

Sai dai a nan sakaci na iya jefa mutum cikin bala'i. Bayan an sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya a Janairun 2014, wani bincike a Abuja tsakanin maza masu hulɗa da maza ya nuna masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Don haka kada a rubuta suna, ko lambar waya, ko unguwa a takardar amsa. A yi amfani da lamba, a kulle bayanan, kada a wallafa adadi ƙarami da zai sa a gane mutum a ƙaramin gari. Abin da ba za ka iya karewa ba, kada ka tambaya. Kafin a kai takardar gaban kwamitin ɗa'a mai tantance bincike kafin a fara shi, a zauna da wasu daga cikin mutanen da za a tambaya, mata da maza da sauran, a karanta musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, a cire wadda suka ce za ta tona asirin wani, a ƙara wadda suka ce an manta.