Ku bar wa masu busa wurin numfashi

Jama'a, 'yar shawara ga masu juya waƙoƙin gargajiya ko kiɗan piyano zuwa kayan busa na tagulla, irin su turampet, turombon da tuba. Piyano ba ya numfashi, amma mai busa turampet mutum ne, leɓɓansa na gajiya, musamman a sauti na sama. Kada ku jibga masa waƙar tun daga farko har ƙarshe. Bayan jimla biyu ko uku, ku miƙa wa turombon, mai turampet ya ɗan sarara.

Ku tuna kuma turampet na B-flat, wato irin wanda aka fi amfani da shi, yana fitar da sauti cikakken mataki ɗaya ƙasa da rubutu, sai ku ɗaga masa rubutun da mataki ɗaya. Muryoyin ƙasa kuwa, tuba da turombon, ku ba su tazara tsakanin sautukansu. In kun matse su, sautin dagulewa yake yi.