Yadda ake karɓar kaya daga tarago a tashar Ngawundare

A Amurka, inda kamfanonin jirgin ƙasa suke da yawa, tarago ɗaya kan ratsa layin kamfani uku ba a sauke ko buhu ba. A mahaɗa irin ta Cikago, wannan kamfani ya ajiye taragai a layin musaya, ma'aikatan wancan su duba birki da ƙafafu da maƙala, su rubuta lamba da lokaci. Daga nan alhakin tarago ya koma wuyansu, har da kuɗin hayarsa. Faɗin dogonsu ɗaya ne, milimita 1,435.

Mu nan Kamaru ba mu da abokin musaya. Dogon da ya taso daga Duwala ya iso Ngawundare a 1974, nan ya tsaya. Faɗinsa mita ɗaya cif, tsohon dogon Najeriya kuwa milimita 1,067, ko an haɗa su taragon Camrail, kamfanin jirgin ƙasanmu, ba zai hau ba. Saboda haka musayarmu tsakanin tarago da tirela ce, mai zuwa Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Aikina ke nan, fitar wa 'yan kasuwa kayansu.

Ka fara da lamba. Ta jikin tarago da ta kwantena su dace da abin da ke takarda, harafi da harafi. Sannan hatimin ƙofa: kada ka tsaya kallo daga nesa, kama shi ka ja, ka karanta lambarsa. In ka ga alamar an taɓa, kada ka buɗe sai ga ma'aikacin tasha da na duwan, wato kwastan, a tsaye, a rubuta. Hau saman kwantena ma ka duba, damina a Adamawa ba ta wasa, huda kamar ta ƙusa ta isa ta ɓata shinkafa.

Lissafi kuwa a gaban direba ake yi, buhu buhu, shi ma ya sa hannu. Wata rana magariba ta kawo jiki, wani direba ya ce mini, "Alhaji, ai mun saba, mu ɗora kawai." Na yarda. A Kusiri aka ƙirga, buhun sukari 12 babu. Takarda ta nuna na karɓa cikakke, ni na biya.

Ɗauki hoton hatimin da wayarka kafin a yanke shi, guntun kuma sa shi a aljihu har kaya su isa.