Kurakuran da ke lalata ƙaramin jirgin kwal, da yadda ake gyara su

Zariya garin reluwe ce. Daga nan ƙaramin layin dogon da ya haura Jos ya tashi, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, kuma dattawan Sabon Gari da suka ga zamanin jirgin kwal ba su manta yadda ake bin ƙafafunsa da butar mai kafin ya tashi ba. Wannan tunanin ne mutum ke ɗauka ya kai kan ɗan kwaikwayon jirgin, wato na wasa, irin na kamfanonin Hornby da Bachmann da ake tsinta a kayan gwanjo, ya yi ta ɗura masa mai. Nan ɓarna take farawa.

Shi wannan ɗan jirgin, ko da yake siffarsa ta jirgin kwal ce, ƙaramar mota ce mai amfani da lantarki a cikinsa, wato ɗan injin da ke juya tayoyin, kuma ta tayoyinsa yake shan wuta daga layi. Da mai ya gangaro kan taya, wuta ta daina wucewa sosai, sai ka ga jirgi yana tafiya yana tsayawa. Ga kuma ƙurar hunturu. Mai da ƙura in suka haɗu sukan zama baƙin kwaɓi mai cin haƙoran giya a hankali. Ɗigo guda a bakin tsinken sakace ya ishi kowace gaɓa, kuma in kana hango man yana sheƙi, to ya yi yawa, goge shi. Man gyaɗa daskarewa yake ya yi danƙo, baƙin man mota ya yi kauri, man feshi na WD-40 kuma ba don wannan aikin aka yi shi ba. A nemi siririn mai wanda ba ya cin roba. In an riga an jiƙa jirgin, a tsoma auduga a sifirit a bi tayoyin da siraran ƙarafan tagulla da ke gogar bayansu har audugar ta daina fitowa baƙa. Kada fetur ya kusanci jikin, yana ɓata fenti da roba.

Wurin goge layi ma haka. Samfefa tana karce ƙarfen, datti ya samu maɓoya. Soson ƙarfe ya fi muni, domin maganaɗisun motar yana zuƙe ɓurɓushinsa. Tsumma da sifirit sun wadatar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jirgin da aka murɗa da ƙarfi. Dubi sandunan da suka haɗa tayoyin: na gefe guda suna gaban na ɗaya gefen da rubu'in zagaye, digiri 90, kuma dole kowane gatarin taya ya kasance a kan wannan lissafin. Yaro ya tura jirgin da hannu a kan tabarma, ko babba ya juya taya da yatsa don ya gwada, sai guda ta zame. Alamarsa ɗingishi, kullum a wuri ɗaya cikin zagayen. Mai ba ya maganin wannan. A kwance sandunan, a daidaita tayar da 'yan'uwanta a hankali, a tura ƙasan jirgin ba tare da motar ba har ya gangara sumul. Kafin a kwance komai, a ɗauki hotonsa da waya ta ɓangarorin biyu, a kuma yi aikin cikin faranti, don ƙananan notukan in suka faɗi ƙasa sai dai haƙuri.

Sai batun wuta. Yawancin jiragen da ake kira ajin girmansu HO da OO, masu layi mai faɗin milimita 16.5, ba sa shan fiye da kimanin bolt 12. Taransifomar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka a karanta jikinta kafin a jona. Kuma in an ba jirgi wuta ya yi gurnani bai motsa ba, a kashe nan take, kada a ƙara. Wani abu ne ya cije, ƙarin wuta kuwa wayar motar zai ƙona.

In jirgin mai fitar da hayaƙi ne, kada ya yi aiki babu ruwan musamman da ke zama hayaƙin a bututunsa, zaren da ke zafafa shi zai ƙone. In ruwan ya ƙare, a kashe makunnin hayaƙin. Bayan wasa a rufe jirgin cikin kwali, nesa da taga da zafin rana, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.