Yadda Ake Lissafin Kaurin Bangon Tankin Iskar Kwamfuresa

Fara da auna faɗin cikin tankin, ka raba biyu, ka kira shi R. A ce tanki ne mai faɗin milimita 600, R zai zama 300. Idan kaurin bango bai kai kashi ɗaya cikin goma na R ba, lissafin siririn bango, wanda za a bi a nan, ya wadatar. In ya wuce haka, sai an koma ga lissafin Lamé, wato na bango mai kauri.

Matsin iska yana jan ƙarfen ta hanya biyu. Jan kewaye, mai son tsaga tankin daga kai zuwa gindi, shi ne P×R÷t, inda P matsin iska ne, t kuma kaurin bango. Jan tsawo, mai son cire murafan biyu, rabinsa ne kacal. Shi ya sa tanki ke tsagewa a tsawonsa, kuma waldar da ta bi tsawon ita ce ta fi buƙatar ido.

Ƙa'idar ASME (ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka), Sashe na 8, ta ba da t = PR ÷ (SE − 0.6P). Idan injin yana aiki a bar 10, ƙara kashi 10 cikin ɗari, P ya zama bar 11, wato 1.1 MPa (bar da MPa duka ma'aunin matsi ne). S shi ne iyakar jan da aka yarda ƙarfe ya ɗauka; na ƙarfen SA-516 Grade 70 shi ne 138 MPa. E ingancin walda ne: 1.0 idan an ɗauki hoton X-ray na dukkanta, 0.85 idan wurare aka zaɓa, 0.70 idan ba a ɗauka ba. Yawancin ƙananan tankuna ba a yi musu hoto, don haka ɗauki 0.70. Amsar ta fito milimita 3.44.

Kada ka tsaya nan. Iska mai matsi tana tara ruwa a ƙasan tanki, tsatsa kuma tana ci daga ciki inda ba a gani. Ƙara milimita 1.5 domin tsatsa, ka sayi farantin milimita 6, tunda naɗawa tana ɗan rage kauri. Sa bawul ɗin zubar da ruwa a ƙasa, a riƙa buɗe shi kullum.

Duk ramin da aka huda domin bututu, ja a bakinsa yana kai ninki biyu da rabi na jan kewaye. Ramin da ya yi girma a kewaye shi da ƙarin faranti, kuma a nisanta shi daga layin walda.

Gwaji da ruwa ake yi: a cika tankin, a fitar da duk iskar ciki, a kai matsi ninki 1.3 na P. Ruwa ba ya matsuwa, in walda ta buɗe yoyo kawai za ka gani. Da iska kuwa, gutsuren ƙarfe ne zai tashi ya sami wanda ke kusa.