Yadda Ake Zaga Cikin Birnin Kano a Ci Abincinsa: Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala

Abincin cikin birnin Kano yana da lokaci, kuma yana da unguwa. Wanda ya fito neman waina da azahar, ko ya je tukubar mai tsire da hantsi, zai koma yana cewa babu komai a birni, alhali lokacin ne ya saɓa. Saboda haka kafin ka tsara inda za ka, fara tsara sa'ar da za ka isa wurin. Mutanen birni da lokutan salla suke auna yininsu, kai ma da su za ka auna naka.

Watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, su ne suka fi daɗin tafiyar ƙafa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, a watan Agusta kuma lunguna kan cika da ruwa da taɓo. Idan da hali kauce wa ranar Juma'a, domin tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cushewa. A watan azumi ba za ka samu abincin rana a titi ba, kuma ci a bainar jama'a a lokacin zai jawo maka magana da 'yan Hisba. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihu, saboda mai ƙosai ba lallai ta karɓi tiransifa ba. Mota kuma ka bar ta a waje. Ka hau a-daidaita-sahu zuwa bakin unguwa, sauran a ƙafa, don yawancin lungunan an yi su ne tun zamanin da jaki da doki ne abin hawa.

Da sassafe: koko, ƙosai, waina

Ka sauka a Ƙofar Mata wajen ƙarfe bakwai. A wannan lokacin kusan kowane bakin lungu akwai mai koko da mai ƙosai, kuma ba sai an nuna maka wadda ta iya ba: inda ka ga yaran unguwa sun yi layi da kwanuka, nan za ka tsaya. Koko mai kyau yana da ɗan tsami da yajin citta da kanumfari, kuma ba ya gudaji. Idan tsamin ya kai ga ɗaure baki, gasarar ta kwana biyu. Ƙosai kuwa ka karɓi wanda aka tsamo yanzu, ka ɓara ɗaya ka duba. Idan cikinsa ya yi saƙa-saƙa, ƙullun ya sha bugu yadda ya kamata. Idan ya cushe ya yi nauyi, ko dai bugun bai isa ba ko an haɗa waken da wani gari. Wanda ya sha mai kuma, an zuba shi ne man bai yi zafi ba.

Waina da miyar taushe ta fi riƙe ciki, amma kada ka wuce uku ko huɗu, don akwai gurasa a gaba. Mai kyau gefenta ya soyu ya yi ƙarau, cikinta fari ne mai laushi. Idan wajen ya yi baƙi ciki kuma da danƙo, wuta ta yi wa tandar yawa.

Daga nan ka leƙa karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan rinin, a bar shi ya yi makonni yana tsima a cikin rami. Tsaya ka kalli marini yana tsoma zane yana ɗagowa: da fari zai fito kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa ne ke sa launin ya yi duhu. A gefe za ka ji sautin mabuga suna dukan yadi a kan gungume don ya yi sheƙi. Idan ka sayi zane, wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi a karon farko, domin yakan yi zuba. Nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kuma ka ba da ɗan abin goro, wurin sana'arsu ne.

Titin Ƙofar Mata zai kai ka babban masallacin Juma'a, wanda aka sake gina shi a farkon shekarun 1950 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina. Fada gida ce da ake zaune a ciki, ba a kutsa kai sai da izinin dogarai. Wurin da aka tanada don baƙo shi ne Gidan Makama, kusa da ita. Awa ɗaya ta isa ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan shigowar Turawan Ingila a 1903. Ɗaga kai ka dubi rufin ɗakunan, yadda aka jera azara aka lulluɓe ta da ƙasa aka yi bakan gizo, ka kuma lura da sanyin da ke ciki ko da rana ta take.

Gurasa, da abin da ya sa ake zuwa Jakara

In za ka ci abu ɗaya tak a birni, gurasa ce. Larabawan Turabulus da Gadamus da suka zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki suna fatauci ta hamada, su ake danganta zuwanta da su, tare da alkaki da dubulan da sauran kayan alkama. Yau unguwar Jakara da ke maƙwabtaka da Kasuwar Kurmi ita ta yi suna a kanta, kuma mata ne ke yin ta a cikin gidaje. Ana kwaɓa fulawa ko garin alkama da yis da ɗan gishiri, wasu su sa sukari, a rufe ya tashi. Sai a hura wuta a cikin tanderu, wata babbar tukunyar ƙasa, har bangonta ya ɗau zafi. Mai gashi ta jiƙa hannu, ta faɗaɗa curin a tafinta, ta zura hannu ta manna shi a jikin tanderun. Cikin 'yan mintuna ta gasu. Shi ya sa gurasar gaske take da fuska biyu: gefe ɗaya shafaffe mai ɗan tabon ƙuna inda ya taɓa bango, ɗayan kuma a kumbure. Wadda aka yi a kasko ko a oben ba ta da wannan ƙamshin hayaƙin.

Wajen saye, danna ta da yatsa. Sabuwa za ta lotsa ta dawo, wadda ta kwana kuwa gefenta zai tsage. Sansana kuma: ɗan ƙamshin yis daidai ne, tsami mai hawa hanci alamar kwaɓin ya wuce lokacinsa kafin a gasa. Idan da nama ko miya za ka ci, nemi marar sukari.

Ainihin cin ta a titi shi ne bandashe. Mai haɗawa zai tsoma gurasar a ruwan ɗumi ya cire nan take, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da aka daka da yaji, ya yaryaɗa man gyaɗa, sannan albasa da tumatir da kokwamba ko kabeji. Gurasa biyu sun ishi mutum ɗaya. In za ka haɗa a gida, ga gurasa biyu ka ware garin ƙuli kamar cokali huɗu na cin abinci, mai cokali biyu, albasa rabi, tumatir ɗaya. Abu biyu ke ɓata bandashe. Na farko ruwa: tsomawa ake yi a cire, idan ta jima a ciki sai ta caɓe ta kasa ɗaukar ƙulin. Na biyu tsohon ƙuli, wanda mansa ya juya yake maƙaƙi a maƙogwaro, don haka ɗanɗana kaɗan a yatsa kafin a zuba maka. Ganyen da ake yankawa a kai ɗanye ne, idan ba ka gamsu da ruwan da aka wanke shi ba, ka ce albasa kawai. A ci a take, bandashe ba ya jiran mutum.

Akwai ladabin da baƙo ya kamata ya sani a nan. Namiji ba ya wuce zaure, ko da bai ga an rubuta "ba a shiga" a bango ba. Yi sallama, ka aiki yaro ya karɓo maka. Mace kuwa in ta yi sallama aka amsa, ana iya barinta ta shiga har bakin tanderu. Idan ka tarar da dattawa a zaune a ƙofar gida, gaisuwa tukuna sannan tambayar hanya: "Baba, barka da hutawa, don Allah ina ne gidan masu gurasa?" Sau da yawa za a haɗa ka da yaro ya kai ka. Ke mace kuma ki sa mayafi wadatacce ko hijabi, za ki fi sakewa.

Kurmi da tsakar rana

Kasuwar Kurmi ma tun zamanin Rumfa take. Layi-layi ce, kowane da sana'arsa: 'yan sirdi da kayan doki, dukawa, masu turare, masu littattafan addini, masu ƙorai, masu kayan ƙamshi. A layin kayan ƙamshin za ka samu citta da kanumfari da masoro da kimba da daddawa. Sayi tsabarsu ka daka a gida, saboda dakakke ba ka san abin da aka cakuɗa a ciki ba. Idan ka taya aka ce "albarka", ba a sallama ba ke nan, ka ƙara ko ka yi gaba cikin mutunci. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin idan aka sallama maka ka janye, abin kunya ne a kasuwa. Wanda ya raka ka rumfa-rumfa kuma yana da la'adarsa a cikin kuɗin da za ka biya.

Kafin azahar ne lokacin ɗan wake. Garin wake ne da na rogo ko fulawa, da kuka da ruwan kanwa, ana jefa shi a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya ɗan ƙara tafasa sai a tsame. Mai kyau yana da santsi da ɗan tauri a haƙori. Idan ya yi duhu sosai yana ɗaci, kanwa ta yi yawa, kuma cikinka zai gaya maka kafin la'asar.

Bayan salla, rana ta yi tsaka, sai fura. Ka sa a dama a gabanka, curi biyu ko uku. Duba nonon kafin a zuba: wasu kan tsinka shi da ruwa su ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, za ka gane shi da tsami mai kaifi da launin da ya ɗan dushe. Kindirmo ya fi tsada, ya kuma fi gardi. Ƙanƙarar da ake fasawa a jefa a ciki tana iya kawo ciwon ciki, gara ka sayi ruwan leda mai sanyi a dama da shi.

La'asar zuwa dare

Idan rana ta yi sanyi ka nufi Dala. Akwai matakala har sama, hawan ba ya wuce 'yan mintuna ga mai lafiya. Nan ne mazaunin Barbushe da tsafin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, kuma daga sama za ka hango hasumiyoyin babban masallaci da Gwauron Dutse da ragowar ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen cika yake maƙil, don haka mai son kallo a natse ya zaɓi wata rana. Je da ɗan unguwa, ka sauko kafin magariba, wayarka kuma ta zauna a aljihu, domin ƙwacen waya matsala ce da mutanen gari kansu ke kuka da ita.

Bayan magariba tukubar masu nama take kankama. Tsire yana da ƙuli a jikinsa, balangu kuwa gashi ne zalla da gishiri, kuma a balangu ake gane naman kirki don babu abin da zai ɓoye shi. Zaɓi tsinkenka da kanka, ka ce a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki, a yanka maka a kan gurasa ta tsotse man. Tsaya a bakin titi mai haske da jama'a. Abin hawa kan yi wuya idan dare ya yi nisa, saboda haka ka kama hanya bayan isha.

Tsaraba

Kilishi a Agadasawa ake zuwa nemansa, kuma da rana ya kamata ka je don ka ga shanyar. Ana feɗe naman cinya fale-fale, a shanya ya bushe, a tsoma a labu, wato tunkuza da aka dama da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna shi ga garwashi. Mai kyau yana karyewa ba tare da ya zama gari ba. Wanda ke lanƙwasa yana danƙo bai bushe ba, zai yi fumfuna a hanya, abin da ya fi faruwa da damina. Jan da ya yi yawa kuma kala ce aka sa. A naɗe maka a takarda, kada a ɗaure shi da zafinsa a leda, gumi zai lalata shi.

Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne, masu kyaunsu a gida ake yi bisa saƙo. Ka tambayi matan unguwa wadda ta iya, ka ba da kuɗi kwana biyu ko uku kafin tafiyarka. Nakiya takan yi watanni ba ta lalace ba, alkaki ya yi makonni idan ya sha zuma ko sukari sosai kuma aka rufe shi a mazubi busasshe. Gurasa ce ba ta jure tafiya: saye ta a ranar da za ka tashi, ka bari ta huce kafin a ɗaure, in ta kwana kuma a yayyafa mata ruwa a ɗumama a kasko.